Jinin Mai Lafiya

Lahadi, bayan la'asar. Oktoba, 1967

Zazzaɓin bai sauka ba. Yaya Talatu, 'yar'uwata, ce ta gaya mini, tana tsaye bakin ƙofa da tulu bisa kai. Ta ce Kulu ta kwana tana rawar ɗari, an lulluɓa mata barguna biyu amma haƙoranta ba su daina kaɗawa ba.

Na ce, "Ta ci wani abu?"

Ta ce, "Kunu. Shi ma bai zauna ba. Auta, kai ka ci?"

Na ce na ci. Ban ci ba.

Tun da babu wanda zan zauna in gaya wa, bari in rubuta yadda abin ya faro. Kulu matata ta haihu farkon wanga wata, haihuwar fari, a gidan iyayenta can ƙarshen hilla, wato ƙauyen namu, kamar yadda anka saba. Mace anka samu. Amma jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta yi abin da ta sani, daga baya ta fito ta ce a nemi mota. Munka tare lorin dawa da ya taso daga Abu Na'ama, munka shimfiɗa ta bisa buhuna. Hanya duk laka, muna tafiya muna sauka mu tura. Da munka isa asibitin birni leɓunanta sun yi fari fat.

Hakim, wato likita, ya duba ta, ya fito ya ce da Larabci sai an ƙara mata jini, kuma yanzu. Surukina Alhaji Mati ya miƙa hannu, hakim ya ce ya tsufa. Audi, wan Kulu, ya ce zai je ya kama ruwa, ba mu sake ganinsa ba sai da komai ya wuce. Anka gwada nawa, ya dace. Na kwanta ina kallon kwalba tana cika. Ban taɓa sanin jinina yana da duhu haka ba. Anka rataye kwalbar bisa kanta, yana sauka ɗis-ɗis cikin hannunta. Kafin hantsi ta buɗe ido ta ce tana son shayi.

Ranar nan da na fito waje ji nake kamar in ɗauki lorin nan bisa kai in kawo shi gida.

Anka sallame ta, anka yi suna, anka sa wa yarinyar sunan mahaifiyata. Rago mai kyau na yanka. Sai ga wannan.

Litinin, da safe

Na je gaisuwa. Na durƙusa cikin zaure, Alhaji ya ce, "Da sauƙi." Kullum da sauƙi yake cewa. Ina nan durƙushe sai na ji muryar Inna Indo, uwar Kulu, daga cikin gida:

"Tun da nike ban taɓa jin an ɗura ma mace jinin namiji ta zamna lahiya ba. Jinin wani ba shi zama jikin wani. Faɗa sukai a ciki, shi na wanga zahi."

Alhaji ya yi gyaran murya, ta yi shiru. Wai da maƙwabciya take magana. Amma ba a ɗaga murya haka don maƙwabciya.

Ba ni da bakin amsa wa suruka. Na yi sallama na fito. Ɗakin da Kulu take yana da 'yar taga wajen hanya, an toshe ta da tsumma. Na tsaya daidai nan kamar ina gyara takalmi. Ban ji komai ba.

Talata, bayan azahar

Yau ne layin ba da ruwa ya zo kan hawashata, gonar audugata. Na buɗe shi daga tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, tun asuba, na bi kunya-kunya ina tarewa. Auduga ta yi kyau bana, ta kusa gwiwa. Tun safe ina tsaye cikin ruwa har rana ta take, ban gaji ba, ko numfashina bai canza ba.

Shi ne abin da ya dame ni. Rabona da kwanciya ciwo tun ina yaro. Shekarar da zazzaɓi ya kayar da hilla duka, ni ke ɗebo wa gidaje ruwa. Har Attahiru Ƙarfe suke ce mini. To in akwai cuta cikin jinin mutum, ba mai jinin za ta fara kayarwa ba? Ta yaya abu zai zauna a jikina ina noma, ina cin tuwo har in nemi ƙari, sannan ya shiga jikin wata ya zama wuta?

Ba zai yiwu ba. Haka na gaya wa kaina a kan hanya.

Da na iso gida na sake tambayar kaina.

Laraba, da safe

Bai sauka ba.

Alhamis, bayan magariba

Na je shafahana, ƙaramin asibitin mashru', hukumar noman audugar nan, wajen Sa'idu. Bahaushe ne kamarmu, shi ke ba da magani da allura a hillolin nan. Yana da madubin nan na ƙarfe da ake leƙa jini, mikroskob, wanda ma'aikatan malariya sunka bar masa bara. Na jira har mata masu goyo sunka watse.

Ya ce, "Malam Attahiru, wa ba lafiya?"

Na ce, "Ba kowa. Tambaya gare ni. Mutum mai lafiya, yana noma, yana cin abinci, ana iya samun cuta cikin jininsa?"

Ya ɗan dube ni. Labari ya riga ni zuwa, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Kawo yatsa."

Ya soke ni, ya shafa ɗigon bisa wani ɗan gilashi, ya bari ya bushe, ya zuba masa wani ruwa kamar shuni. Ya ce in jira gindin dogon yaro. Na zauna ina kallon awaki. Can ya kira ni.

"Rufe ido guda. Sa ɗayan nan."

Da farko haske kawai na gani da gashin idona. Ya juya wani abu, sai ga su, zagaye-zagaye, jajaye dishi-dishi, kamar an baza wake bisa faifai.

"Wannan shi ne jininka. Duba sama wajen hagu. Akwai guda mai ɗan zobe shuɗi a ciki, da ɗigo ja."

Na gani. Ɗan ƙarami, mai kyau ma, kamar zoben hancin yarinya.

"Malariya ke nan."

Na ɗago. Na ce, "Amma lafiyata lau."

"Lafiyarka lau. Jikinka ya san su tun kana yaro, ya danne su. Suna nan kaɗan, ba su iya kayar da kai. Bara mun duba mutane a hilloli da dama, da yawa haka suke, kuma suna gona."

"To in an ɗura jinin ga wanda jikinsa ya riga ya raunana?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Yana yiwuwa. Yana kuma yiwuwa sauro ne ya cije ta a ɗakin uwarta, ƙarshen damina ne, kowane gida akwai na kwance. Wallahi ba ni da madubin da zai nuna mini wanne ne. Abin da na sani, da ba a ba ta jinin nan ba, da ba ta kai hantsi ba."

Ya ce abin ba ya bin kwano, ba ya bin hannu, ba ya bin numfashi, sauro ne kawai da jini. Ya ba ni ƙwayoyi kashi biyu, nawa da nata, ya ce in ta ci gaba da amai sai allura, a kai ta birni. Na ba Yaya Talatu na Kulu ta kai. Ta dawo da su ƙulle a gefen zane yadda na ba ta. Inna ta ce kayan asibiti ne ya jawo, ba za a ƙara mata wani ba.

Na sha nawa. Ɗaci kamar me.

Juma'a, bayan isha

Maza sun fito da kwanoni ƙofar masallaci kamar kullum. Na wanke hannu, na zauna, na ga hannuna ya nufi miya tare da na mutane. Akwai ɗan tabon allurar jiya a yatsan. Na janye. Na ce cikina ne ba daidai ba.

Na san abin da Sa'idu ya ce. Kunnena ya ji. Hannun ne bai ji ba.

A gida na ci kisra busasshiya, wainar dawar nan mai fele-fele, da ruwa. Gidan nan ashe yana da faɗi. Turminta yana kife inda ta bar shi, kaji sun mayar da shi wurin hawa.

Asabar, da hantsi

Yaya Talatu ta zo da yarinyar a goye. Ta ce ta roƙo ta ne wajen matar Audi, wadda ke ba ta nono tun da na Kulu ya ƙafe, don in gan ta da rana. Ta kwance ta ta miƙo mini.

Na mayar da hannuwana baya.

"Auta, karɓi mana. Ba kowa nan, kunyar wa kake ji?"

Na ce hannuna da ƙasa.

"To wanke."

Na ce zan makara gona.

Ta dube ni, ta dubi rana, ta mayar da ita baya. Na leƙa ta kafaɗarta. 'Yar ƙarama ce ƙwarai. Tana barci bakinta yana motsi.

Lahadi, bayan la'asar

Zan rubuta.

Da hantsi Yaya Talatu ta same ni a gona, ba ko mayafi. Ta ce Inna ta kira wanzami, za a yi wa Kulu ƙaho a baya da ƙirji, a zuƙe jinina daga jikinta. Matar da jini ya kusa ƙare mata.

Ban san yadda na iso ba. Na shiga zauren ba tare da an ce in shigo ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri ɗiyarsu. Alhaji yana zaune, Audi yana tsaye, wanzami ya baza ƙahoninsa bisa fata yana wasa aska.

Na durƙusa. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Kada a sa mata ƙaho. Jinin da ke jikinta bai ishe ta ba."

Audi ya ce, "Ai naka za a fitar, ba nata ba."

Na ce, "Ba ya rabuwa. Ya gauraya."

Alhaji ya ɗaga wa Audi hannu. Ya ce, "Attahiru, mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun dahwa sassaƙe. Ɗiyata na tahiya ina kallo. Kai mi ka sani da ba mu sani ba?"

Da na ce ban san komai ba, da an yi ƙahon. Na sani, na ga askar.

Na ce, "Na je wajen Sa'idu. Na gani da idona. Akwai ƙwayar malariya cikin jinina. In daga gare ni ta samu, to ciwon yana da suna, yana da allura a birni. Ƙaho ba ya fitar da shi."

Na ƙara da cewa yana yiwuwa sauro ne. Na faɗa, Allah ya sani na faɗa. Amma lokacin Inna ta riga ta sa salati a bayan zana, ba wanda ya ji rabin nan.

Wanzami ya fara tattara ƙahoninsa a hankali, ya ɗan matsa da fatarsa daga inda nake.

Alhaji ya ce, "Kai da bakinka?"

Na ce, "Ni da bakina."

Alhaji ya dubi ɗansa. Sannan ya ce, "Audi, tai ka nemo mota." Ya juyo. "Kai kuma koma gida. Kada ka biyo mu."

Na tsaya daga nesa, bayan rumbun maƙwabta, da anka fito da ita bisa angarib, gadon igiya. An rufe ta duka. Ƙafa guda ta leƙo, da sauran lallen suna a jiki.

Litinin, da safe

Sun tafi da Alhaji da Inna. Ba a ce mini komai ba.

Talata, bayan azahar

Hilla duka ta ji. Na je aski, wanzami ya ce askarsa ta dakushe. A masallaci sahu ya cika amma dama da ni akwai wurin mutum guda, hagu ma haka. Liman ya ce a matso, anka matso kaɗan. A bakin tur'a wata tsohuwa da ta goya ni ina yaro ta jira na ɗebi ruwa na wuce, sannan ta zagaya sama da inda na tsoma guga.

Ban ji haushin kowa ba. Ni ma haka na yi wa kaina ranar Juma'a.

Laraba, bayan magariba

Audi ya hana matarsa ba yarinyar nono. Wai jinin uba ne a jikinta, kada ta shafa wa nasa ɗan. Matar tana kuka ta kawo ta gidan Yaya Talatu, ta ajiye ta ta gudu.

Na je wajensa. Yana gyara sirdin jaki, bai ɗago ba. Na ce, "Yaya Audi, ɗiyar ƙanwarka ce. Sa'idu ya ce ba ya bin nono."

Ya ce, "Sa'idun nan ne bai ce yana bin jini ba sai da anka ɗura?"

Na ce ba shi ya ɗura ba.

"Kai ka ce yana jikinka. Ni ɗa guda gare ni."

Yaya Talatu ta zaga gidajen masu goyo. Kowace ta ce sai ta tambayi maigida. Ba wadda ta dawo.

Akuyata mai jan kunne tana da nono. Na tatsa, na dafa, Yaya ta ba ta da cokali.

Alhamis, da asuba

Zana ɗaya ce tsakanin gidana da na Yaya. Ina jin kukan yarinyar. Ba shi da ƙarfi.

Juma'a, bayan la'asar

Sa'idu ya zo da kekensa, ya roƙi liman ya bar shi ya yi magana bayan salla. Ya yi da Hausa, ya maimaita da Larabci don samari. Ya ce abin da ke jinina yana iya kasancewa cikin jinin rabin mutanen da ke zaune nan. Ya fito da gilasansa ya ce duk mai so ya kawo yatsa, ya gani da idonsa.

Ba wanda ya motsa. Wani daga baya ya ce, "Mu lahiyarmu lau." Anka yi dariya kaɗan, anka tashi neman takalma.

Abin da na ce masa ke nan ranar Alhamis waccan, baƙi da baƙi.

Sa'idu ya biyo ni gida, ya sha shayi a kofina, ya ci daga kwanona, ya bar ƙofa a buɗe don masu wucewa su gani. Ya duba yarinyar. Ya ce cikinta bai karɓi nonon akuya ba, a ƙara ruwa, a dafa sosai, a nemo mai shayarwa ko daga wata hilla ce. Da zai hau keke ya ce, "Ma'alesh, ya Attahiru," wato in yi haƙuri. Na riƙe masa sirdi har ya hau. Ban so ya tafi ba.

Asabar, da yamma

Na je hilloli biyu neman mai shayarwa. Labari ya riga ni isa duka biyun.

Lahadi, da hantsi

Direban lori ya ce ya ga Alhaji a ƙofar asibiti. Kulu tana da rai. Ba ta gane mutane, amma tana da rai. Ana yi mata allura safe da yamma.

Na tambaye shi ko an ambace ni. Ya ce bai ji ba.

Litinin, bayan azahar

Na gama ƙwayoyin. Sa'idu ya sake sokar yatsan, ya daɗe yana leƙe, ya ce yanzu babu, ko ɗaya. Ya ce in duba. Na duba, wake kawai, ba zobe.

Na zaci zan ji wani abu.

Na ce, "Shi ke nan har abada?" Ya ce har sai sauro na gaba. Ya ce haka muke duka, ana wankewa suna dawowa.

Na dawo na tarar da Yaya zaune a ƙofa da yarinyar bisa cinya. Na ce mata an ce jinina ya wanku. Ta ce, "To zo ka karɓe ta, Auta." Na ce bari in yi wanka tukuna, in canza riga. Da na fito ta samu barci, Yaya ta ce kada a tashe ta, tun jiya ba ta runtsa ba. Na ce gobe.

Talata, da asuba

Shiru ta bayan zana.

Talata, bayan azahar

Mun dawo daga maƙabarta. Ni, da liman, da mijin Yaya, da Sa'idu wanda ya iso muna fita. Daga baya wasu sunka biyo, sunka tsaya nesa kaɗan.

Ni na ɗauka. Ba wanda ya ce in kawo ya karɓa, ni ma ban miƙa ba. Tabarma ta fi ta nauyi.

Laraba

Ba komai.

Alhamis, da yamma

Akuya tana ta kuka, nono ya cika mata. Na tatsa. Na tsaya da kwaryar a hannu ban san inda zan kai ba. Na ba kare.

Matar Audi ta zo wajen Yaya da rana, ta zauna ƙasa tana kuka har muryarta ta dushe. Audi bai zo ba. Ya aiko da sukari.

Asabar, bayan la'asar

Ruwa ya sake zagayowa kaina. Na buɗe, na rufe. Ƙarfina yana nan yadda yake. Ina kallon hannuwana suna aiki kamar na wani.

Ina ta lissafi cikin kai, ba ya fita. Da ban ba da jinin ba, da Kulu ta tafi ranar nan. Da ban faɗa a zaure ba, da an yi ƙaho. Da na faɗa, sai yarinyar. Ko'ina na bi, akwai wanda ya faɗi. In kuma sauro ne tun farko fa? Sa'idu ya ce in daina, ba mai amsa wannan sai Allah.

Na daina. Da safe sai in tarar na ci gaba.

Talata, bayan magariba

Sun dawo yau da lorin azahar. Ban je ba, ba a kira ni ba.

Bayan la'asar na ji sallama. Alhaji ne, shi kaɗai, da sandarsa. Tun da na gina gidan nan bai taɓa takowa ba. Na shimfiɗa masa tabarma, ya zauna. Ya rame. Munka yi wa juna ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo.

Sannan ya ce, "Hakim ya tambaye ni ko an yi mata wani abu a gida. Na ce mun so yin ƙaho. Ya kama kai." Bai ƙarasa ba, ni ma ban nema ba.

Na ce, "An gaya wa Kulu maganar yarinyar?"

"Uwatta ta gaya mata. Sai da ta maimaita, ta sake maimaitawa, da ƙarhi. Allurar ta toshe mata kunne. Sun ce zai buɗe."

Na kawo masa ruwa. Ya dubi kofin. Ya sha rabi.

Alhamis, da hantsi

Ina ɗaure akuya na ji an turo ƙofa, ba sallama. Kulu ce. Ita kaɗai, tana dafe da bango. Arba'in bai cika ba, kuma na san ba da izinin kowa ta fito ba. Fuskarta ta yi rawaya, zanen da ke jikinta kamar na aro. Daga gidansu zuwa nan sai an ratsa hilla duka, kowa ya gan ta.

Na kawo kujera, ta zauna tana haki. Na durƙusa gabanta. Duk maganar da na shirya tun ranar zaure na fara ta a hankali, ƙasa-ƙasa, don gidajen nan zana ce kawai tsakani.

Ta ce, "Mi? Malam, ɗaga murya. Kunnena kamar ana niƙa a ciki."

Ita kanta ihu take yi, ba ta sani ba. Na ji dakan maƙwabta ya tsaya.

Na ɗaga murya na ce, "Sannu da jiki."

"Yawwa." Ta dube ni. "Kai ka ɗauke ta?"

Na ce ni ne.

"Mi?"

"Ni na ɗauke ta!"

Ta gyaɗa kai. "Ka ga fuskatta?"

"Na gani!"

"Ni ban riƙe ta a ido ba. Ina rufe ido in nemo ta, ba ta zuwa. Da wa ta yi kama?"

Na ce goshin nata ne, hancin nawa, kunnen hagu yana da ɗan lanƙwasa a sama. Sai da na faɗi kowanne da ƙarfi, kamar mai kiran mutum daga hayin tur'a. Ta sa na maimaita na kunnen. Hawaye suna zuba, ba ta share ba.

Sannan na ce, da ƙarfin nan dai, don ba wata hanya, "Kulu, jinin da anka ba ki, akwai abu a ciki! Ban sani ba ko shi ne!"

Ta ce, "Na ji. Inna ta gaya mini, Yaya Audi ya gaya mini, kowa ya gaya mini." Ta miƙa hannunta ta dubi wurin da allurar ta shiga. "Na ce musu to. Da shi na taka na zo nan. Wa ya ba ni wani?"

Ta bayan zana ba ko tari.

Ta dubi tsakar gida, ta dubi murhu. Ta ce, har yanzu da ihu, "Yaushe rabon da a hura wuta gidan nan?"

Na ce an daɗe.

"Mi?"

Ban maimaita ba. Na tashi na ɗebo kara.